Warin fetur da safe: yadda aikin Corolla ke tafiya

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Motar Toyota Corolla ce ƙirar 2005, 'yar Amurka, mai inji 1ZZ-FE lita 1.8. Ciwonta ɗaya ne: duk safiyar da na tayar da ita sai warin fetur ya cika cikinta. Ba ya daɗewa. Kafin in sauke yara a makaranta ya ɓace, kuma ba ya dawowa duk wunin, ko sau nawa zan kashe in tayar. Washegari da safe sai ya sake yin sallama. Tun da sanyi ya kankama abin ya soma. Ba ta gardamar tashi, ba ta rawa a silo, allurar mai ba ta faɗuwa cikin dare.

Duk wanda na faɗa wa, amsar ɗaya ce: "Ai tsohuwar mota ce." Ni wannan amsa ba ta shige ni ba. Hanyar mai a irin wannan mota rufaffiya ce tun daga murfin tanki har bakin nozul, wato abin da ke fesa mai cikin inji. Hatta tururin da ke tashi a cikin tanki ba a barinsa ya fita, akwai gwangwanin gawayi da ke kama shi ya ajiye har inji ya zuƙe ya ƙona. In dai hanci ya ji fetur, to wani wuri ya buɗe, kuma wurin yana da suna. Ga shi a farkon 2025 lita tana wajen naira dubu, ba abin da mutum zai riƙa shayar da iska ba ne.

Sharaɗin da na gindaya wa kaina: ba zan sayi ko kusa ɗaya ba sai an nuna mini laifinta, da ido ko da awo.

Laraba, 8 ga Janairu

Aikin hanci na yi jiya da yau, kuma ya biya.

Warin fetur a mota kala biyu ne, mutane ne ke haɗa su. Akwai na ɗanyen fetur, irin wanda kake ji a gidan mai. Akwai kuma na hayaƙin salansa idan man bai ƙone duka ba, mai nauyi, mai sa ido yaji. Na farko yoyo ne. Na biyu inji ne ke shan mai fiye da kima. Maganinsu ba ɗaya ba ne, saboda haka sai an fara raba su.

Jiya na tayar da ita da gilasai a rufe, fanka a kunne, maɓallin iska a kan ɗauko ta waje. Nan take warin ya shigo. Yau na danna maɓallin da ke juya iskar ciki kafin in murɗa makulli. Kusan babu komai. Wannan ya nuna mini hanya, domin ƙofar da fanka ke ɗaukar iskar waje tana gindin gilashin gaba ne, ƙarƙashin waifa, daf da ƙarshen bonet. Abin da ya tashi daga ɗakin inji, nan yake bi ya same ka a kujera. Da daga tanki ne, kujerar baya za ta fi wari, kuma maɓallin ba zai canza komai ba.

Na fita na zaga bayan motar, sai na ji kala na biyun ma yana nan a bakin salansa. To, abu biyu ke nan, ko abu ɗaya mai fuska biyu. Zan bi na gaba tukuna, don shi ne mai haɗari.

Na kwana da kwali a ƙarƙashinta, da safe ya tashi a bushe. Wannan bai wanke ta ba. Baƙin mai ne ke barin tabo, fetur kuwa in ɗigon kaɗan ne, a jikin inji yake bushewa kafin ya kai ƙasa. Kuma tururin shi ne abin tsoro, ba ruwan ba: ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana taruwa a lungu, kuma in ya kai kashi 1.4 cikin ɗari na iskar wurin, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Bayan abin da ya faru a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, inda tankar mai ta kama da wuta mutum sama da 150 suka rasu, Allah ya jiƙan su, ba na jin akwai mai bukatar a yi masa dogon bayani. Na daina shigar da motar rumfar da janareta yake. Na kuma hana a kawo kaskon wuta kusa da ita, don a wannan sanyin maigadinmu ba ya rabuwa da shi.

Asabar, 11 ga Janairu

Na kai ta gareji da hantsi, inji da zafinsa. Ba wari ko kaɗan, kamar yadda na zata. Makanikina ya buɗe bonet, ya sunkuya, ya shinshina, ya ɗago.

"Alhaji, ni ban ji komai ba. Ko murfin tanki ne? A canza shi, a wanke nozul, a sa fulogi sabo, in sha Allahu shi ke nan."

Na ce, "Oga, in an yi ukun lokaci ɗaya ya daina, wanne ne ya yi maganin? In kuma bai daina ba fa?"

Ya yi dariya ya ce ni da ma ɗan boko ne. Amma ya yarda mu bi su ɗaya bayan ɗaya, tunda na riga na zo.

Murfin tanki lafiya lau, robarsa da taushi, yana ƙara in an ɗaure. Muka ɗaga kujerar baya, domin famfon mai a cikin tanki yake, kuma ta nan ake isa gare shi. Wannan wuri ne da ya kamata duk mai irin wannan matsala ya duba, saboda a nan garin da wuya ka sami motar da ba a taɓa canza mata famfo ba, kuma sau da yawa tsohuwar robar bakin ake mayarwa a shafe da gam. Tawa ƙura ce busasshiya a kai. Ƙura shaida ce mai kyau: inda fetur ke tsatsafowa, za ka ga ta jiƙe ta yi baƙi, ko an wanke ta an bar wuri fes.

Ya shiga rami ya bi layin mai tun daga tanki har gaba da tocila. Babu jiƙa. Gwangwanin gawayin ma bai fashe ba, tiyoyinsa suna haɗe. Shi wannan gwangwani tururi aka yi shi ya riƙe, ba ruwa ba, kuma abin da ke kashe shi ɗabi'armu ce a gidan mai. Famfo ya yanke da kansa, sai a ce wa yaro ya ƙara, a jijjiga mota, a ɗura har sai mai ya leƙo a wuya. Wannan rarar gangarawa take cikin gawayin ta jiƙa shi. Daga nan sai wari bayan an sha mai, wani lokaci har da gardamar tashi a bakin famfo. Nawa warin ba ruwansa da cikar tanki, don haka muka wuce shi.

Sai mai kwamfuta ya zo ya jona na'urarsa. Lamba biyu ta fito. P0420 ta abin tace hayaƙi ce, wanda makanikai ke ce wa indomi, kuma da ita na sayi motar. Ta biyu P0128, wato ruwan inji ba ya kai zafin da ya kamata cikin lokaci. Na rubuta ta na ajiye. Babu ko ɗaya daga lambobin yoyon tururi, irin su P0442 da P0455.

Abin da muka tsayar: ciwon da ke zuwa da asuba ba a nemansa da rana. Motar za ta kwana a gareji ranar Litinin.

Talata, 14 ga Janairu

An kama ɓarawon.

Bayan sallar asuba muka haɗu, kowa da rigar sanyi, hazo ya rufe gari. Tun jiya ya cire murfin roba na saman inji don komai ya fito fili. Kafin a taɓa makulli na sa mai kwamfuta ya karanta zafin ruwa da zafin iskar da inji ke shaƙa. Motar da ta kwana a kashe, ya kamata biyun su zo kusan daidai. Sun zo. Wannan ya wanke na'urar auna zafin ruwa, wadda in ta lalace takan gaya wa ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, cewa ana tsananin sanyi, ita kuma ta yi ta ɗura mai.

Oga ya naɗa farar takarda a wuyan kowane nozul, inda yake shiga bututun da ke raba musu mai. Ya ajiye abin kashe gobara a gefe, ya kori yaron da ke shan sigari, ya ce in tayar.

Takardar nozul na uku ta jiƙe. Ba feshi ba ne, ba ma ɗigo sosai ba, tsatsafowa ce kawai, tana sheƙi a hasken tocila tana gangarawa jikin nozul. Muna tsaye muna kallo, inji na ɗaukar zafi, sheƙin na raguwa, har wurin ya bushe ƙayau. Wanda ya zo bayan minti goma zai rantse ba abin da ya faru.

Bayanin ba shi da wuya. A saman kowane nozul akwai zoben roba ƙarami da ke toshe tsakaninsa da bututun. Famfo yana turo mai da matsin psi 44 zuwa 50, zoben nan kaɗai ke tare shi. Roba mai shekara ashirin tana kwana tana tashi cikin zafin inji, ta riga ta sandare. Da sanyin dare sai ta ƙanƙance ta bar 'yar kafa. Ana tayarwa matsi ya hau, mai ya bi kafar. Inji na ɗumi robar ta saki jiki ta cika wurin, yoyo ya tsaya. Shi ya sa a watan Afrilu ba za ka taɓa jin sa ba, sai hunturu ya tona asiri. Wurin kuma yana tsakanin wayoyin nozul da na kwayil, ga allanteta can gefe. Allah ne dai ya kiyaye.

Tunda muna wurin, na roƙi a auna matsin. Wannan inji ba shi da bakin da za a soka agogon awo, sai an cire tiyo an sa mahaɗa. Yana aiki ya tsaya cikin ƙa'ida. Aka kashe, muka jira minti biyar. Ƙa'idar Toyota ita ce kada ya sauka ƙasa da psi 21 a wannan lokaci, kuma bai sauka ba. Da ya zube da sauri, da sai mu zargi nozul mai ɗiga cikin inji ko famfon da ba ya riƙe mai.

Oga ya ce, "Wallahi Alhaji da na wanke nozul ɗin ranar Asabar, da tsohuwar robar zan mayar."

Motar ta zauna a gareji. Ba zan ɗauki yara a cikinta haka ba. A Daidaita Sahu ta samu ciniki.

Juma'a, 17 ga Janairu

Na shiga kasuwar Kofar Ruwa ta Kano da nozul ɗaya a aljihu don gwadawa. Shagon farko suka kawo mini nozul huɗu da bututunsu na Beljiyam, wai in huta gaba ɗaya. Nozul ɗina ba su yi laifi ba, kuma na Beljiyam ɗin da tsohuwar robarsu suke zuwa, sa'ar wadda nake son cirewa. Wani ya buɗe akwatin zobba iri-iri ya zaɓo wanda ya yi kama. Girma kaɗai ba ya isa. Akwai robar ruwa, akwai robar mai, kuma wadda ba ta mai ba in ta sha fetur kumbura take ta yi laushi ta yage. Wanda ya ga abin da fetur mai yawan methanol ɗin nan da aka shigo da shi a Fabrairun 2022 ya yi wa motocin mutane, ya san ba kowace roba ke jure kowane mai ba.

A ƙarshe na samu saiti a leda rufaffiya, zoben sama huɗu da robar ƙasa huɗu wadda nozul ke zama a kanta. Na saya duka. Ɗaya ce ta yi yoyo, amma ranar haihuwarsu ɗaya.

Asabar, 18 ga Janairu

An yi aikin. Ga yadda aka bi, don mai son ya tsaya a kan tasa.

Da farko aka sauke matsi: aka cire soket ɗin famfo a ƙarƙashin kujerar baya, aka tayar da inji har ya mutu da kansa, sannan aka cire kan batir. Da yawa ba sa yin wannan, sai su zare tiyo mai ya fesa musu a fuska. Aka hure ƙurar da ke kewaye da nozul kafin a ɗaga bututun, don duk abin da ya faɗa ramin cikin inji ya tafi.

Zoben na uku da aka ciro ya tsattsage kamar leɓen mutum a hunturu. Sauran ukun ba su fashe ba, amma sun baje sun yi tauri, ɗaya ma karyewa ya yi wajen cirewa.

Muka kai nozul ɗin wurin mai injin gwaji. Feshinsu ya zo daidai, kuma da aka bar su cikin matsi a rufe ba wanda ya ɗiga. Toyota ta yarda da ɗigo ɗaya a minti 12, ba fiye ba.

Wajen mayarwa ne ake ɓata aiki. Sabon zobe ba a tura shi a bushe. Ana ɗan shafa masa fetur, a murza nozul hagu da dama yana shiga a hankali. Bayan an ɗora bututun, kafin a gama ɗaure kusoshi, sai a juya kowane nozul da hannu. In yana juyawa sumul, zoben ya zauna. In ya cije, to ya naɗe ko ya tsinke, sai a sake da wani sabo. Yaron shago ya ɗauko gam zai shafa, Oga ya buge masa hannu tun kafin in yi magana.

Aka tayar da rana, ba yoyo. Amma gwajin rana ba gwaji ba ne a wannan ciwo. Ta sake kwana, gobe da asuba za a maimaita na takarda.

Lahadi, 19 ga Janairu

Takardu huɗu, duka a bushe. Na dawo da ita gida.

Alhamis, 23 ga Janairu

Cikin mota ya yi tsaf, ko da fanka na ɗauko iskar waje. Saura na salansa, kuma yana nan daram. Yanzu ne lokacin P0128.

Kowane inji yana shan mai da yawa in ya tashi da sanyi, ba laifi ba ne. Fetur ba ya zama tururi sosai a sanyi, wani yana manne wa bangon hanyar iska, don haka ƙwaƙwalwa take ƙara masa. In ya yi zafi sai ta koma ma'aunin asali, nauyin iska 14.7 ga nauyin mai 1. Abin tambaya shi ne tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya yi zafin. Tawa allurar zafi sai na yi nisa take ɗagawa, in na hau titin Zariya da gudu kuma ta sake sauka. Ga fankar lagireto tana tashi tare da makulli. Ba sai an kwance ba na san labarin: an cire tamostat, wato bawul ɗin da ke hana ruwa zagayawa ta lagireto har inji ya yi zafi, an yi wa fanka dairek.

Mun sha muhawara da Oga a kan wannan. Shi a ganinsa tamostat na ƙasar Turawa ne. "Alhaji, nan Kano ce. Ka sa shi, watan azumi ya zo da zafi, ta yi obahitin a go-sulo, ka zo ka ce ni ne."

Na fahimci tsoronsa, don ya ga tamostat da ya maƙale a rufe ya ƙona gasket. Amma lissafin bai goyi bayansa ba. Tamostat ɗin wannan inji a wajen digiri 82 yake buɗewa. Ranar da Kano ta fi kowace zafi ba ta wuce arba'in da 'yan kai. Ke nan ko a tsakiyar bazara injin yana bukatar ya ninka zafin gari kafin ya kai inda aka tsara shi ya yi aiki. In ya kai, tamostat a buɗe yake, ba ya tare komai. Motar da ke obahitin da lafiyayyen tamostat, a duba lagireto da ya toshe da ruwan rijiya, ko murfinsa, ko fanka. Cire tamostat ɓoye ciwon yake, mai mota kuma ya riƙa biya a gidan mai kullum safiya. Har baƙin mai abin yana taɓawa, domin fetur ɗin da bai ƙone ba yana silalewa ya tsinka shi. Na zaro sandar awo na shinshina, akwai ɗan wari.

Ya ce to, motata ce, amma in shaida ya faɗa.

Asabar, 25 ga Janairu

Da aka buɗe gidan tamostat, wayam. Aka wanke lagireto, aka sa sabo mai lamba 82 da robarsa, ɗan ƙaramin bawul ɗin da ke jikinsa yana kallon sama don iska ta samu hanyar fita. Aka zuba ruwan lagireto na gaske maimakon na famfo. Mai wayarin ya warware dairek ɗin ya mayar da fanka hannun ƙwaƙwalwa.

Muka tsaya da na'ura a jone muna kallon lamba tana hawa. Ta wuce tamanin, tiyon ƙasa ya ɗau zafi, alamar tamostat ya buɗe. Can cikin casa'in da wani abu fanka ta tashi da kanta, ta yi aikinta, ta tsaya. Oga bai ce komai ba, ya dai sa hannu ya taɓa tiyon sau biyu. Aka juye baƙin mai da filta, aka goge lambobin.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Ga inda ake. Warin ɗanyen fetur bai dawo ba. Allurar zafi tana kai tsakiya tun kafin in fita unguwa, kuma tana zama a nan ko a gudu ko a cunkoson Kantin Kwari. P0128 ba ta dawo ba. Warin salansa ya ragu ƙwarai, yanzu na ɗan lokaci ne bayan tashi.

Ragowar ta indomi ce, P0420 kuwa ta dawo kamar yadda aka sa rai. Oga ya ƙwanƙwasa tukunyar ya ce fanko ce, an fasa an kwashe cikin tun kafin motar ta zo hannuna. Ana kwashewa ne saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki, platinum da palladium da rhodium. Aikin indomi shi ne ƙone ragowar man da ya tsere daga inji, kuma ko mai lafiya sai ya yi zafi sosai yake fara aiki, don haka ko an sa sabo, sakannin farko na safiya ba za su rasa ɗan wari ba. Na tambayi kuɗin na Beljiyam mai cikinsa. Zai jira bayan sallah.

Awon shan mai na fara shi: a cika har famfo ya yanke da kansa, a rubuta kilomita, a sake cikawa a famfo ɗaya. Sai na haɗa tanki biyu ko uku kafin in kawo lamba. Sannan Oga ya ga tiyon da ya taso daga gwangwanin gawayi zuwa inji ya fara tauri a bakinsa, za a canza shi a sabis mai zuwa. Tamostat kuma jarrabawarsa tana watan Afrilu, kuma Oga ya ce yana jira.